Itace a Cikin Kasko

Wata ran Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi daga cikin 'ya'yan ekklesiya ya zo gidanmu a nan Lajawa riƙe da kasko. Yana karatun aikin gona ne a jami'ar da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001. A cikin kaskon nan akwai wani ɗan itace, tsawonsa bai fi taƙi biyu ba, an nannaɗe rassansa da jar waya irin wadda masu gyaran fanka su ke aiki da ita. An karkata gindinsa ya yi doro, sai ka ce tsohon itacen da iska ta daɗe tana bugu.

Akwai wani dattijo zaune tare da mu a zaure. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Ɗana, shekara nawa zai yi kafin a sha inuwarsa?"

Saurayin ya ce, "Baba, ai wannan ba zai yi inuwa ba har abada. Da gangan a ke hana shi girma."

Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, laifin me ya yi?"

Dukanmu muka yi dariya. Amma bayan baƙi sun watse tambayar tsohon nan ba ta bar mu ba, ita ce kuwa ta sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara bayyana abin, gama yawancin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba. Sunan wannan sana'a bonsai. Kalmar mutanen Japan ce, ma'anarta abin da aka shuka a cikin faranti. Daga ƙasar Sin suka koyo ta tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suka ƙara mata gwaninta har ta zama tasu. Ba wani irin itace ne na dabam ba, ba kuwa wada ba ne tun daga iri. Itace ne sosai kamar ko wane itace. Idan ya yi 'ya'ya ka ɗauki ƙwayar ka shuka a gona, za ta yi girma irin na kakanninta. Dabara ce kawai ta ke riƙe shi ƙarami. Da fari a kan yanke babbar saiwar nan da ta ke nutsawa ƙasa neman ruwa, a bar ƙanana. A kan sa shi cikin kasko marar zurfi. Bayan shekara ɗaya ko biyu a tumɓuke shi, a rage saiwoyin, a sake masa ƙasa, a mayar. Toho in ya yi tsawo a tsinke kansa. Reshe kuwa a naɗe shi da waya a lanƙwasa shi inda a ke so, a bar shi wata biyu ko uku har ya sandare a haka, kāna a kwance.

Itacen da saurayin ya kawo baƙo ne a ƙasarmu. Ya saye shi wurin masu sayar da furanni a bakin titi a Kano. Asalinsa daga Ostareliya ne, masana suna ce da shi kalistimon, mutanen can kuwa suna kiransa da suna mai ma'anar burushin wanke kwalba, domin furensa ja ne, gashi-gashi, ya kewaye reshe daidai da burushin nan. Dangin gwaiba ne da itacen turare, in ka murza ganyensa za ka ji ƙanshi. A can ƙasarsu ɗan gida ne, kamar yadda sabara da kalgo su ke a wurinmu, masu wannan sana'a kuwa suna sonsa domin yana jimre sara: ko an datse shi har tsohon gindi ya kan sake tohowa. Saurayin ya ce tsamiya ma ta kan yi, da kuka, da cediya, yana kuwa da niyyar gwada su.

Ba mu ɗora wa yaron nan laifi ba. Itace ba shi da rai irin na mutum. Mu ma muna sare reshen gawo domin awaki, muna ɗebe ganyen kuka domin miya har ta zama kamar kuturwa, ba wanda ya ce mun yi zunubi. Wanda ya yi ado da itace a kasko bai yi wa kowa ɓarna ba, aikin kuwa yana da kyaun gani, yana koya wa mai yinsa haƙuri. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da muka dubi kaskon nan sai muka ga kamar mun san shi. Mun sha ganin irin wannan aiki, amma ba a kan itace ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ko wane uba ya san karin maganan nan, ko wane malami ma, mu masu wa'azi kuwa mun ja shi har ya gaji. Gaskiya ne. Littafin Misalai ma, a sura 22, ya gargaɗe mu a kan koya wa yaro hanya tun yana ƙarami. Amma karin maganan ya faɗi lokacin tanƙwarawa ne kaɗai. Bai faɗi inda za a tanƙwara itacen ya nufa ba, bai kuwa faɗi domin wa ba. Mai bonsai yana tanƙwara ɗanyen icce. Manomin da ke gyaran mangwaronsa shi ma yana tanƙwara ɗanyen icce. Wuƙarsu iri ɗaya ce, dukansu biyu suna tashi da sassafe domin itacensu. Duk da haka ɗaya yana yanka domin itacen ya yi girma, ɗaya kuwa domin kada ya yi.

To, mu da Allah ya danƙa wa 'ya'ya, da almajiran sana'a, da sababbin masu bi, wanne mu ke yi? Tambayar tana da wuya fiye da yadda ta ke a ido, gama mai hana girma ba safai ya ke mugu ba. Sau da yawa shi ne ya fi kowa ƙauna.

Ga misali. A birnin Washinton na Amurka akwai wani itacen bonsai da aka fara renonsa a Japan a 1625. Gidan wani mutum mai suna Masaru Yamaki ne suka yi ta gadonsa, uba ya bar wa ɗa. Yana cikin gidansu a Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, sa'ad da aka jefa bam ɗin nan da ya hallaka birnin, tsakaninsa da inda bam ya fashe kamar mil 2 ne, amma katanga ta tsare shi. A 1976 mai shi ya ba da shi kyauta ga mutanen Amurka. Yau shekarunsa sun kai 400. Ku duba fa: shekara 400 ba a rasa hannun da zai ba shi ruwa ba. Wane itace ne a dajinmu ya taɓa samun gata irin wannan? Idan ƙauna ita ce kula, to, ba itacen da aka ƙaunata kamarsa.

Amma muka tambayi saurayin, in ya yi tafiya fa? Ya ce a watan Afrilu, lokacin da zafi ya ke tsanani, sau biyu ya ke ba shi ruwa a yini, in kuwa ya manta kwana biyu ko uku, shi ke nan. Tsamiyar da ke bayan gari ba wanda ya taɓa kai mata ko moɗa ɗaya, tana shan rani wata bakwai ba ruwan sama, ga ta nan tun kakanninmu. Bambancinsu yana ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. Ita tana da saiwar da ta nemo wa kanta ruwa. Shi kuwa an yanke tasa, domin haka ransa yana hannun mai shi ko wace safiya.

A nan ne muka ga ma'aunin da za mu auna renonmu da shi. Ba yawan wahalar da muka sha a kan yaro ba ne, ba kuwa yawan biyayyarsa ba. Sai mu tambayi kanmu: ran da hannunmu ya janye, ko ta wurin tafiya, ko tsufa, ko mutuwa, zai rayu?

Mun san tela wanda yaronsa ya shekara tara yana ɗinki a shagonsa, amma bai taɓa koya masa yanka ba. In ya zo yankan yadi sai ya aike shi sayen zare. In ka tambaye shi ya ce yaron bai isa ba tukuna, yana kuwa ciyad da shi, yana yi masa ɗinkin Kirsimati. Mun san uwa, gwauruwa, wadda 'yarta ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, ta hana ta tafiya, ta ce duniya ta lalace. Ba ƙarya ta yi ba, duniya ta lalace. Amma da muka zauna da ita muka daɗe, sai hawaye suka zubo, ta ce, "Fasto, in ta tafi, wa zan gani in na farka?" Ba mu iya tsauta mata ba. Kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yarinyar nan ba a halicce ta domin ta zama maganin kaɗaicin wani ba, ko da na mahaifiyarta ne, nauyin gwauruwar nan kuwa a kan ekklesiya ya kamata ya sauka, ba a kan yarinya ita kaɗai ba. A nan mu ne muka kāsa.

Akwai wani abu kuma da saurayin ya faɗa wanda ya ba mu mamaki. Ya ce kuskuren sabon shiga shi ne saurin sa ɗan itace cikin ƙaramin kasko. In aka yi haka gindinsa ba zai yi kauri ba, zai zauna siriri kamar tsinke shekara da shekaru. Gwanaye su kan dasa shi a ƙasa tukuna, ko a babbar tukunya, su ƙyale shi shekara uku ko biyar ya yi yadda ya ga dama, har su bar wani reshe ya yi ta tsawo ba tsari, domin reshen nan ne ke jawo kauri ga gindi. Ashe ko masu hana girma sun sani ƙarfi ba ya samuwa sai inda aka sake. Ya nuna mana kuma wani tabo a jikin itacensa, zane-zane kamar sawun igiya. Ya bar waya ta wuce lokacinta ne sa'ad da ya ke jarrabawa, reshen ya yi ƙiba, wayar ta nutse cikin ɓawo. Ya kwance ta, amma tabon zai daɗe. Wayar da ta gyara reshe a watan fari ita ce ta ji masa ciwo a wata na biyar. Dokar da ta dace da yaro ɗan shekara 8, in an bar ta a wuyansa har ya kai 20, haka ta ke yi. Manzo Bulus ya ja kunnen ubanni a kan wannan cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 6, inda ya haɗa horo da gargaɗin kada a cusa wa 'ya'ya fushi.

Yanzu bari mu ƙetare iyaka zuwa Maraɗi, mu ga wata irin wuƙa. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, watau ƙasar da itacen saurayinmu ya fito, yana aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi. Ana reno a gandu, ana kai wa ƙauyuka, ana dasawa, yawancinsu kuwa suna mutuwa saboda zafi da iska da awaki. A 1983, yana tafe da mota cike da dashe, ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda manoma ke sassabewa ko wace shekara kafin shuka. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa da zurfi, ko wace shekara yana tohowa ana sarewa. Gonakin duk cike su ke da irinsu. Ashe dajin bai mutu ba, hana shi tashi a ke yi.

Abin da ya koya wa manoma ba wuya. A kututture guda a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya ko har biyar, a sare sauran, a rage rassan ƙasa, a tsare shi daga dabbobi. Da ya ke saiwar tsohuwa ce, cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace ya fi mutum tsawo. A can suna kiran wannan sassaben zamani. Da fari dariya aka yi masa. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabo ya ƙare da yawa suka sare su. Wannan ma abin lura ne: abin da aka riƙe da hatsin wani, ran da hatsin ya ƙare ya kan tafi. Waɗanda suka ga amfanin da idonsu, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi, ga gero ya fi kyau a gindin gawo, su ne suka ci gaba, maƙwabta suka koya daga wurinsu. Baturen ya bar Nijar a 1999, aikin bai tsaya ba. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso.

Ga sara, ga sara. Manomin Maraɗi yana yanka da yawa, ba ya jin tausayin toho marar amfani. Amma bai taɓa saiwa ba. Irin wannan gyara ne Ubangijinmu ya yi magana a kai cikin Bishara ta Yohanna, sura 15, inda manomi ke tsabtace reshe mai 'ya'ya da nufin 'ya'yan su ƙaru. A cikin misalin nan reshe ba ya rayuwa in ya rabu da kuringa, gaskiya ne, amma kuringar Almasihu ne. Ba fasto ba ne, ba uba ba ne, ba maigida ba ne. Dogara ga Allah ita ce saiwar mai bi. Wanda ya mai da dogarar nan ta koma kansa, ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

Wani zai ce, "Fasto, kana so mu saki yara ke nan su yi abin da suka ga dama?" A'a. Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro a Lajawa ya san abin da akuya ke yi wa dashen da ba shinge. Ku dubi 'yan aduwa da magarya a hanyar da garke ke bi zuwa kasuwar Wudil ran Jumma'a, shekara goma suna nan ba su wuce gwiwa ba saboda ci. Sakaci ma yana hana girma, talauci ma haka, yaran da aka sake ba mai kula suna da yawa a ƙasarmu fiye da waɗanda aka matse. Dashe yana bukatar ƙaya kewaye da shi. Amma shinge dabam, kasko dabam. Shinge yana tsare abin da ke waje kada ya shigo, ƙarƙashinsa kuwa a buɗe ya ke, saiwa ta tafi iyakar ƙarfinta, ran da itace ya fi bakin akuya sai a kwashe ƙayar a kai wa wani dashe. Kasko yana da gindi. Mu kan ce shinge mu ke yi, mu kaɗai muka san ko mun sa masa gindi.

Ekklesiya ma ta bi ta wannan hanya. Turawan SIM na fari sun iso ƙasar nan a 1893. Sai a 1954 aka kafa ECWA ta tsaya da shugabanninta 'yan ƙasa, a 1976 kuma mishan ta danƙa mata sauran ayyukanta. Tsofaffinmu sun ba mu labari, a lokacin akwai masu cewa ba a isa ba tukuna, cikin Turawa da cikin 'yan ƙasa duka. An yi kurakurai bayan haka, har yanzu ana yi. Amma da an jira ranar da ba za a yi kuskure ba, da har yau muna cikin kasko.

Ba za mu tsaya a kan laifin waɗansu ba, gama namu yana nan. Akwai wani ɗan'uwa da ya ke taimakonmu a aikin ekklesiya shekara shida ke nan. Shi ke share ɗakin sujada, shi ke karanta sanarwa, shi ke kai mu ƙauyuka a babur. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki. Sau ɗaya muka ba shi bagade, muka ga jama'a sun kasa kunne gare shi fiye da yadda su ke yi mana, wata tsohuwa ma ta tare shi a ƙofa tana sa masa albarka. Tun daga ran nan ba mu sake ba shi ba. Mun ce wa dattawa yana bukatar ƙarin horo a kan tawali'u. Mun ce wa kanmu ma haka, har muka gaskata. Sau biyu aka nemi mai bishara domin wani ƙauye, sau biyu muka ce ba za mu iya rabuwa da shi ba. Bai taɓa yi mana musu ba, muna kuwa yabonsa a gaban mutane saboda haka, kamar yadda mai bonsai ke ɗauko kaskonsa ya nuna wa baƙi.

Daren ran da aka kawo itacen nan ba mu yi barci sosai ba. Da gari ya waye muka kira ɗan'uwan, muka roƙe shi gafara. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ba kome." Mun san da kome, gama shekara shida ba ta dawowa, wayar kuwa ta riga ta nutse. Mun kai maganar gaban dattawan ekklesiya, sun yarda zai yi wa'azi Lahadi biyu a ko wane wata, in kaka ta yi kuma a sallame shi zuwa ƙauyen nan, in har suna bukata. Mun fara koyon tuƙa babur da kanmu, mun fāɗi sau ɗaya a yashi.

Saurayin ya koma makaranta da kaskonsa. Kafin ya tafi dattijon nan ya roƙe shi reshe ɗaya, ya ce yana so ya ga abin da itacen zai zama in an ƙyale shi. Yaron ya yanko masa, ya kafa shi cikin yashi mai laima har ya yi saiwa. Tsohon ya dasa shi a bayan gidansa kusa da inda mata ke zubar da ruwan wanke-wanke, ya kewaye shi da ƙayar magarya. Da muka wuce ta wurin makon jiya ya kira mu mu gani, ya fitar da sabon ganye huɗu.